SHANUN TUDU, RUWAN FADAMA

Shafi na 19

Na ga saƙonninku a kan Baba Ma'aji, har da baiwar Allah da ta ce in aka kore shi ta daina karantawa. Ban samu amsa wa kowa ba, ku yi mini uzuri. Ga shafin.

*

Ranar Alhamis ɗin, tun rana ba ta yi zafi ba, Landirobar Kawu Ɗahiru ta tsaya a ƙofar masaukin baƙi na Kalgo. Kubura tana zaune a kan tabarma a baranda, takardu sun kewaye ta. Da jin ƙarar motar ta gane ta. Ta so a ce taron majalisa na yau ne ya riga Kawu zuwa.

Shekara guda ke nan da ta gama jami'a ta kama aiki a Sakkwato, a ofishin da ke duba kuɗin ƙananan hukumomi. Aiki na farko mai nauyi da aka ba ta shi ne ta jera hukumomin jiha, daga wadda baitulmalinta ya fi lafiya har zuwa wadda ta fi jin jiki. Ta yi, ta sa hannu. Hukumar Tudu, ta wajen Gwandu, inda Kawu yake ma'aji, ita ta zo ta ɗaya da rarar naira dubu arba'in da ɗaya. Hukumar Fadama, ta nan Kalgo, ita ce ta ƙarshe. Naira ɗari uku da 'yan kai suka rage mata da shekarar kuɗi ta rufe a watan Maris na 1974.

A kan wannan rahoton nata aka rubuta takardar sallamar ma'ajin Fadama, Malam Abdulgani, bayan shekara talatin da ɗaya yana aiki, ba fansho ba komai. Takardar tana cikin jakar shugabanta, Malam Jibrin. Ƙarfe tara za a miƙa ta gaban 'yan majalisa.

Kawu ya sauko cikin sabuwar farar riga, yana riƙe da ƙwarya an rufe ta da faifai. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce Innarta ce ta kirɓa furar a Kambaza, ta ce a kai wa 'yar Sakkwato kada ta manta ɗanɗanon gero. Ya zauna a bakin baranda yana ta fara'a. Ya ce an riga an raɗa masa, in an gama taron yau za a kira shi Sakkwato ya riƙa koya wa sauran ma'ajiyai yadda ake tattali.

"Kin gani, ɗiya ta rubuta, kawu ya zo na ɗaya. Mutane za su ce haɗa baki munka yi."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Kawu, akwai kuskure a rahoton nan."

"Wane iri? Lissahin ne bai tashi ba?"

"Lissafin ya tashi. Abin da na lissafa ne bai cika ba."

Ya kalle ta da kyau. Ta sunkuyar da kai, ta kama gefen tabarma tana murzawa, ta fara ba shi labari a hankali.

Ran Litinin ne Malam Jibrin ya aike ta ta je ta ga rijiyoyin da Ma'aji Abdulgani ya ce ya gina. Shi dai Malam Jibrin bai yarda akwai su ba. Hukumar da shanunta a rajista ba su kai dubu shida ba, me za ta yi da rijiya goma sha ɗaya, da allurar shanu dubu talatin? A ganinsa rijiyoyin a takarda suke, kuɗin kuma yana aljihun wani.

A Wurogauri ta fara sauka. Ta tarar da rijiya, an ɗaure ta da siminti, ga komaye biyu na shayarwa, ga shanu sun yi layi har inda ido ya ƙare. Amma ba rijiyar ce ta tsayar da ita ba. Kunnuwan shanun ne. Tsaga biyu a na hagu, an ɗan yanke bakin na dama. Wannan shaidar mutanen Maruda ce, dangin kakarta, ta san ta tun tana bin garke ba takalmi. Shanun wajen Gwandu ne tsaye a fadamar Kalgo.

Tana nan tsaye sai wata mata ta sauke ƙwaryarta ta ce, ke ba ɗiyar Hauwa'u ta Kambaza ba ce? Goggo Indo ce, mai kai musu nono kowace damina. Ita ta ja ta har bukkarta, ta dinga ɗaga ƙorai ɗaya bayan ɗaya, har ta iso ga 'yar ƙarama ta can ƙasa. A ciki akwai wani gwangwani, a cikin gwangwanin rasiɗan jangali, harajin shanu, an naɗe su an ɗaure da zare. Matan rugage haka suke ajiye su, don namiji yana iya yar da takarda a daji, ƙwarya kuwa ba mai taɓa ta sai mai ita.

Kowane rasiɗi da hatimin Hukumar Tudu. A ƙasa kuma sa hannun Kawu.

"Kwana uku ina bin rugage, Kawu. Garke arba'in da shida na gani. Talatin da biyu a wajenku suka biya."

Ba ta buƙatar ta yi masa bayanin sauran, ya fi ta sani. Jangali da damina ake ƙirga shi, lokacin da shanu suke tudu. Da ruwa ya ɗauke sai su gangaro fadama su yi wata bakwai. Bara kuma da aka yi fari, tun kaka ba ta shigo ba suka gangaro, har da waɗanda ba su saba zuwa ba. Rijiya, allura, gyaran burtali, albashin malaman dabbobi, duk Fadama ta biya. Kuɗin shanun yana Tudu a kulle.

Kawu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Na saci kobon wani?"

"A'a, Kawu."

"Doka ta ce inda anka ƙirga saniya nan kuɗinta ke zama. Ni na rubuta dokar?"

"A'a."

"To mi kike so?"

"In faɗa a taron."

Wata kaza ta ratsa tsakaninsu ta wuce. Sannan ya yi magana, bai ɗaga murya ba. Ya ce ta san dai abin da za ta faɗa, cewa aikinta na farko ba daidai ba ne. Kuma gaban wa? Gaban maza da suka daɗe suna jira su ga mace ɗaya tak da ke ofishin ta yi tuntuɓe. Ya ce Abdulgani ya tsufa, ko yau ko baɗi zai tafi. Ita kuwa yanzu ta fara.

Bai ambaci shanu biyun da ya sayar ba lokacin da kuɗin makarantarta ya gagara. Da ya ambata da ta fi samun sauƙi.

"Ke da in mutum uku sunka taru muryarki ke ɓacewa? Ke za ki tashi cikin majalisa?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Kai ka koya mini ƙirga, a bakin garken Kaka. Ka ce in ƙirga su da fita, in ƙirga su da dawowa, in ba haka ba ban ƙirga ba. Ni da fita kawai na ƙirga."

Hannunsa ya kai kan aljihun ƙirjinsa, ya dafa shi kamar mai duba ko wani abu yana nan, ya sauke. Ya mayar da hularsa ya miƙe.

"Sha hurarki kada ta yi tsami."

Ya shiga mota. Ta bi ƙwaryar da kallo, ta kasa buɗe ta.

*

Ɗakin majalisar Fadama rufin kwano ne ba silin, tun ƙarfe tara mutane suna fifita da takardunsu. 'Yan majalisa bakwai sun jeru a benci. Malam Jibrin yana kan tebur, jakarsa a gabansa, agogonsa a cire ya ajiye shi kusa da ita, haka yake yi a kowane taro. Mutum ne mai tsare gaskiya, sai dai in ya rubuta abu ba ya son a sa shi gogewa.

Kawu Ɗahiru yana zaune a dama, an gayyato shi don a nuna shi a matsayin abin koyi.

A hagu Ma'aji Abdulgani ne. Ɗan ƙaramin tsoho, yatsarsa ta tsakiya ta rine da tawada har ba ta wankuwa. Kubura ta lura ya riga ya kwashe kayansa daga ofis. Butarsa da buzunsa suna ƙarƙashin kujera. Makullan baitulmali guda huɗu kuma ya jera su a kan tebur, babba zuwa ƙarami, don kada a sha wahalar tambayarsa.

Ganin makullan nan ya fi komai taɓa ta.

Malam Jibrin ya karanta jerin daga sama har ƙasa. Ya yabi Tudu. Da ya iso Fadama ya maimaita tambayarsa ta kullum, shanu dubu shida da allura dubu talatin. Ya ce ya tambayi ma'aji sau biyu, amsa ɗaya yake ba shi, wai a je a gani. Ya ce hukuma ba ta aiki da a je a gani, da takarda take aiki. Bai ma tsaya ya tambayi Kubura abin da ta gano ba. Ma'aji Abdulgani bai ɗago ba.

Malam Jibrin ya buɗe jaka ya fito da ambulan mai ruwan ƙasa.

"Kafin in miƙa wannan, akwai mai magana?"

Kubura ta miƙe.

Ta buɗe baki. Abin da Kawu ya faɗa ya tabbata, babu abin da ya fito. Idanu goma sha wani abu suna kanta. Wani ɗan majalisa mai jan rawani ya ce da na kusa da shi, yadda kowa zai ji, ko Malama fita take son yi a ba ta hanya.

Sai kuwa ta juya ta nufi ƙofa. Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Malam Jibrin ya girgiza kai ya ɗauki ambulan.

Bai kai ga miƙawa ba ta dawo, tana riƙe da hannun wata dattijuwa doguwa, mai zobban tagulla a kunne, da ƙwarya a kafaɗa.

Goggo Indo ce, tun jiya Kubura ta roƙe ta ta zo ta jira a waje. Ba ta taɓa shiga ofis ba, amma ba ta nuna ba. Ta yi sallama, ta duba ɗakin kusurwa zuwa kusurwa, ta ce wannan ɗaki ko ɗan maraƙi ba za ta ɗaure a cikinsa ba don zafi. Idonta ya sauka kan Kawu.

"Ɗahiru, kai ne ka yi ƙiba haka? Jangalinmu ya karɓe ka."

Wannan karon dariyar ta fito fili. Kawu ya gaishe ta da ladabi, yana kallon ƙasa.

Malam Jibrin ya tambayi Kubura wace ce wannan, kuma me ya kawo ta taron hukuma. Kubura ta taimaka wa Goggo ta sauke ƙwaryar a kan tebur, daidai kusa da agogonsa. Goggo ta ɗaga faifai, ta fito da gwangwanin, ta kwance zare. Malam Jibrin ya miƙa hannu. Ta janye da sauri.

"Da ido za ka gani, yaro. In ta ɓace kai za ka biya mini na biyu?"

Malam Jibrin, mai shekara arba'in da biyar, da ba a taɓa ce masa yaro a gaban ma'aikatansa ba, ya mayar da hannunsa baya ya sunkuya yana karantawa. Ta riƙe masa takarda ta farko. Ta biyu. Ta uku. Ya gyara tabarau.

"Wannan ai hatimin Tudu ne."

"Awo."

"To me ya kawo ku Fadama?"

Goggo Indo ta kalle shi kamar ya tambaye ta dalilin da ya sa rana take fitowa daga gabas. Ta ce ruwa mana. Ta ce tun kakanninsu haka suke, damina a Maruda, rani a nan. Ta ce bara da ƙasa ta ƙone, ba don rijiyar tsohon nan ba, da yanzu ba ta da ko wutsiya. Ta nuna Ma'aji Abdulgani da haɓa. Ta ce ba ta san sunansa ba sai yau, amma ta san shi, don shi ne ɗan tsohon da yake zuwa a kan keke ya leƙa rijiya ya ga ko ruwa ya ja baya.

Kubura ta gane wani abu a lokacin. In ta kalli fuskoki muryarta tafiya take. In ta kalli gwangwanin, tana nan. Sai ta kafa masa ido ta fara.

"Yallaɓai, ni na rubuta rahoton nan, kuma na yi kuskure."

Muryar tana rawa, amma tana fita.

Ta faɗi garke arba'in da shida, da talatin da biyun da suka biya a Tudu. Ta faɗi rijiyoyi, ta ce tara ta gani da idonta, biyu suna ƙetaren gulbi ba ta samu jirgi ba. Ta ce ta jera hukumomin nan biyu kamar kowacce tana da shanunta a ɗaure, alhali shanun guda ne, ɗaya tana karɓar kuɗinsu, ɗaya tana ɗaukar nauyinsu. Ta ce ta sake lissafin jiya da yamma. In aka ɗauki abin da Fadama ta kashe wa shanun Tudu aka mayar wa Tudu, to Tudu ba ta ɗaya ba ce, Fadama kuma ba ta ƙarshe ba ce. Dukansu suna tsakiya, kusa da juna, ba wadda za a yi wa kuka.

"A ƙiyasina, Yallaɓai, cikin shanu goma da suka sha ruwan Fadama, bakwai a Tudu suka biya."

Ta tsaya. Mai jan rawanin nan ya daina fifita.

Malam Jibrin ya ce ƙiyasi ne, garke arba'in da shida ba su ne shanun ƙasa ba. Ya ce ba zai tsayar da takardar da manya suka sa wa hannu ba saboda gwangwani ɗaya. Sannan ya juya dama.

"Ma'aji Ɗahiru, kai ke riƙe da rajistar. Abin da ta faɗa gaskiya ne?"

Kubura ta kasa kallonsa. Ta ji ƙarar kujerarsa da ya miƙe. Ta ji ya yi gyaran murya.

"Ba daidai ta hwaɗi ba."

Ta dafa tebur. Ma'aji Abdulgani ya lumshe ido, ya kai hannu ƙarƙashin kujera yana laluben butarsa.

"Ta ce bakwai cikin goma," in ji Kawu. "Bara sun kai tara."

Ta ɗago.

Hannunsa yana cikin aljihun ƙirjin nan. Ya fito da takardu uku, an ninke su har gefensu ya yi baƙi. Ya ajiye su gaban Malam Jibrin, kusa da gwangwanin. Ya ce wasiƙun Abdulgani ne, ɗaya kowace shekara. Duk magana ɗaya ce a cikinsu, shanunku suna wurinmu, a taimaka mana ko da kuɗin siminti. Ya ce ta farko ya karanta ya ce doka ba ta ce ba. Ta biyu ya ce sai an ga yadda shekara ta ƙare. Ta uku, ta lokacin fari, ko buɗe ta bai yi ba sai da ya kwana uku da ita, don ya san abin da ke ciki.

Ya ce bai ɗauki kobon kowa ba, kuma duk mai so ya zo ya ƙirga. Amma rarar da ake yaba masa, ya san inda ta fito.

Ya juya wajen tsohon. Tare suka yi makarantar midil, Abdulgani yana gaba da shi da aji uku.

"Yaya Abdu, ban amsa maka ba. Ka yahe mini."

Ma'aji Abdulgani ya saki butar. Ya kalli wasiƙun, ya kalli Kawu.

"Ashe sun isa. Ni ina ta zagin ɗan aike."

Har Malam Jibrin sai da ya murmusa. Goggo Indo ta tambayi Kubura a kunne, da ƙarfi yadda kowa ya ji, ko an gama ta rufe gwangwaninta.

Malam Jibrin ya karanta wasiƙun ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake layi ba. Da ya gama ya ɗauki ambulan ɗin ya juya shi a hannunsa. Kowa yana jira ya yaga. Bai yaga ba.

Ya ce shi ɗan saƙo ne. Ba shi ya sa hannu ba, ba shi zai soke ba. An umarce shi ya miƙa ta yau, kuma iyakar abin da zai iya shi ne ya riƙe ta a aljihunsa har gobe da safe, ya ce taro ya ja. Mutum ɗaya ne zai iya janye ta, Babban Sakatare. Shi kuwa gobe da sassafe zai tashi zuwa Ikko, babban birnin ƙasa, wata guda zai yi. In ya tafi bai janye ba, dole a miƙa, kuma takardar sallama in ta shiga hannu ba ta dawowa.

"To a buga mishi waya mana," in ji mai jan rawani, wanda yanzu ya koma ɓangarensu ba tare da ya sanar ba.

Malam Jibrin ya ce Babban Sakatare ba ya soke takarda a waya. Kuma ba zai saurari kowa a kan rahoto ba sai wanda sunansa yake ƙasan rahoton. Ya juyo ya dubi Kubura ta saman tabarau.

"Malama Kubura, kin taɓa magana a gabansa?"

"A'a, Yallaɓai."

"Kin san abin da za ki je ki ce masa? Cewa abin da ya riga ya kai wa Kwamishina, ya yaba, ba daidai ba ne. Zai iya ajiye takardar Ma'aji ya rubuta taki."

"Na sani."

"Kuma za ki?"

Ta kalli makullai huɗun nan da ke jere a kan tebur. Ta miƙa hannu ta tura su a hankali, har suka koma gaban mai su.

"Baba Ma'aji, riƙe su tukuna."

Tsohon ya ɗora tafinsa a kansu. Leɓensa yana motsi.

Malam Jibrin ya ɗauki agogonsa ya ɗaura. Ya ce ƙarfe goma da rabi yanzu, ƙarfe uku Babban Sakatare yake tashi daga ofis, hanyar kuma sun san yadda take. Motar ofis ta tafi gyara tun jiya.

Kawu ya riga ya kai ƙofa, yana ƙwala wa direbansa kira ya tada mota. Ya waiwayo.

"Zan kai ki har bakin ohis ɗinshi. Rajistar ma za mu biya mu ɗauka. Amma ki sani, ba ni shiga in yi magana a madadinki."

"To, Kawu."

Ta tattara takardunta. Sai ta tuna abin da ya riƙe mata murya ɗazu. Ta matsa kusa da Goggo Indo, ta roƙe ta a hankali ta ara mata gwangwanin kwana ɗaya tak, ta yi alkawarin ko zare ba zai ɓace ba.

Goggo ta rufe shi, ta mayar cikin ƙwarya, ta ɗora faifai, ta saɓa a kafaɗa.

"Ba ni ba da shi."

"Goggo, don Allah."

"Na ce ba ni ba da shi. Inda za shi, nan za ni."

Ta wuce su duka ta fita. Kafin Kubura ta iso waje, ta tarar Goggo ta buɗe gaban Landiroba ta zauna a kujerar Kawu, ƙwarya a cinya, tana tambayar direba ko Sakkwaton nan ta fi Maruda nisa.

Kawu ya tsaya da sabuwar rigarsa yana kallonta. Ya buɗe baya ya shiga, ya matsa ya ba Kubura wuri. Ƙwaryar furar nan tana nan a ƙasa, ya sa an ɗauko ta daga masauki.

"Sha yanzu," ya ce. "Da ciki wohi ba a gaya wa babban mutum ya yi kuskure."

Ta ɗaga faifan. Direba ya murɗa makulli.

Motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru.

Ya sake murɗawa. Daga bayansu Kubura ta ji takun ƙafafu, ta waiga. 'Yan majalisa bakwai ne suke naɗe hannun riga, Ma'aji Abdulgani a gaba, makullansa suna ƙara a aljihu, ya riga kowa dafa bayan motar.

"Ku tura," ya ce.